Tarin Kamiyonet a Hanyar Gidimuni

Jikokina suna tsammanin tsufa ne ya cinye mini haƙoran gaba. Ba tsufa ba ne. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zubar mini da su a bakin tabkin Gidimuni, da rana tsaka, kasuwa na ci, kuma a kan mota. Allah ya jiƙansa. Haƙoran na yafe masa tun tuni. Sauran abin da ya yi a ranar kuwa ba nawa ba ne balle in yafe.

A shekarun nan ne da ake ta raɗe-raɗin Nasara zai naɗe tabarmarsa ya tafi. Yaya ya dawo daga soja, daga yaƙin da aka kai su can bayan teku. Ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da wata zuciya da ba mu san shi da ita ba. Kafin ya tafi mutum ne mai wasa da yara. Da ya dawo, ko ƙwarya ce ta faɗi a tsakar gida sai ya zabura ya shaƙe wanda ke kusa da shi. Inna takan ce a yi masa haƙuri, abin da idonsa ya gani ne. To, mu muka sha haƙurin.

Abin da ya tara a soja ya zuba shi kaf a kan wata tsohuwar kamiyonet, ƙaramar motar kaya mai bayan katako, wadda wani Nasara ɗan kasuwa ya yi ta azabtarwa har ya gaji da ita. Ni a lokacin magidanci ne, da mata da 'ya'ya, na yi shekaru ina gyaran mota a wani garaji a Sabon Gari. Sai aka raba aiki. Ni ne direba, ni ne makaniki. Shi ne mai mota, kuma makulli a hannunsa yake kwana. Kullum da safe shi zai zura shi a kontak, wato ramin makulli, da bismilla, ni in kama maniwal, ƙarfen da ake juya inji da shi, in murza har ta tashi. A jikin makullin akwai laya ɗaya da Inna ta ɗaura, da wata 'yar wuƙarsa ta soja.

Muna bin kasuwanni. Droum, Guna, Mirriya, Gidimuni. Mu kai gishiri da sukari da turamen atamfa, mu kwaso gyaɗa da mutane da awaki. Tsohuwa ce, amma wallahi tana da murya. In ta yi zafi tana tafiya, sai ka ji kamar mage na minshari.

A Gidimuni akwai wani dattijo mai lambu a bakin tabki, kowa Baba mai rake yake ce masa. Ƙato ne, baƙi wulik, da dariya har kunne. Mu ke kai masa rake da albasa da dabino Damagaram. Halinsa ɗaya da kowa ya sani: yabo. Bai iya ganin abu ya yi shiru ba. In ka ba shi fura sai ya ce bai taɓa shan irinta ba. In ya ga jakinka sai ya yaba kunnensa. Mata suna kawo masa jarirai don kawai su ji abin da zai ce. Ni kaina ya taɓa riƙe hannuna, baƙi ƙirin da mai, ya ce, "Ɗana, wannan hannun ya fi na likita."

Wata ranar kasuwa na wanke motar a bakin tabki, tana ta ƙyalli. Baba ya zo da damin rake a kafaɗa, ya ajiye, ya shafa mata hanci, ya ce, "Kai, kai, kai! Samari, wannan 'yar taku ta fi amarya. Ku ji murya!" Muka yi dariya, muka yi lodi, muka kama hanya.

Tsakanin Gidimuni da Mirriya akwai wata jar hanya da manyan motocin gyaɗa suka mayar kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Mu masu mota tol muke ce wa irinta. In ka hau, har haƙoranka kaɗawa suke yi. Muna hawa tol ɗin nan sai motar ta yi tari. Ta ɗauke kamar an shaƙe ta, ta dawo, ta sake ɗaukewa, sannan ta harba ta baya, tau! kamar bindiga. Yaya ya dunƙule a ƙasan kujera, hannu bisa kai. Da ya ɗago ya ga na gan shi, sai ya sharara mini mari. Na tsaya, na buɗe kapo, murfin gaban mota, inji na juyawa lafiya lau kamar bai taɓa yin laifi ba.

Abin da ya fi ƙona wa makaniki rai ke nan: ciwon da ke ɓuya in likita ya zo. Motar da ta mutu murus ai 'yar'uwarka ce, za ta nuna maka inda ke mata ciwo. Amma wadda za ta yi tari yau, gobe ta yi maka waƙa, wannan munafuka ce.

Na fara da buji, wato fulogi. Na kwance su duka, na kankare, na daidaita bakinsu. Washegari muka je Droum muka dawo, ko atishawa ba ta yi ba. Na ce alhamdu lillahi. Muka je Guna, lafiya. Ranar Gidimuni na zagayowa, muna dosar garin, ta fara. Na buɗe delko, wato tukunyar da ke raba wa buji wuta, na goge bakin filatin, 'yan ƙarafan da ke haɗa wuta a cikinta, da 'yar zarto. Ta yi shiru kwana biyu, ta koma. Na kwance karbirato gunduwa-gunduwa a kan tabarmar matata, na wanke, na hura kowace kafa da bakina har na bugu da warin isans, wato fetur. Na ce ko bobin, mai ƙara wa wuta ƙarfi, ce ke zafi, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Na bi wayoyin cikin inji ɗaya bayan ɗaya ina ja, ina ɗaurewa. A ƙofar gida in tayar da ita, ta yi ta kuka mai daɗi har maƙwabta su gaji. A hau tol ɗin Gidimuni, sai tari da harbi.

Sai na ce ko ruwa ne a cikin isans. Da ma ban faɗa da ƙarfi ba. Yaya yana ji ya miƙe, bai ko sa takalmi ba, sai wurin mutumin da ke sayar mana da mai a bakin tasha. Kafin in iso ya kama ƙeyar bawan Allah yana buga goshinsa a jikin duro, gam, gam, yana cewa, "Ruwa kake sayar mini? Ni?" Da ƙyar mutane suka ɓamɓare shi. Na juye tanki kaf a gaban jama'a, na tace da hular ulu. Ko ɗigon ruwa babu. Mai isans ya zauna a ƙasa jini na bin hancinsa, Yaya kuwa ko sannu.

Maganar da ta kashe mu wata tsohuwa ce ta kawo ta, 'yar Gidimuni mai sayar da daddawa, tana zaune a baya ranar da motar ta yi ta harbi. Da muka tsaya sai ta ce, "Ni fa ina wurin ranar da mai rake ya shafa ta. Ya yaba ta, bai ce tubarkalla ba. Kuma ku duba mana, a Droum tana yi? A Guna tana yi? Sai in ta ji ƙamshin garinsa." Wani ya ce ai shi ma ɗan akuyarsa da Baba ya yaba, bai yi wata ba ya mutu. Kafin mu kai Mirriya, mutumin da kowa ke kai wa jariri ya zama maye.

Na ce, "Yaya, don Allah dubi maganar nan. Maye kurwa yake kamawa. Ƙarfe na da kurwa ne?"

Ya ce, "To kai da ka san ƙarfe, me ya hana ka gyara?"

Wannan ta shige ni har ƙashi. Ni ma a raina ina tambaya, me ya sa sai Gidimuni? Na san hanyar Droum da ta Guna rairayi ne, tafiya a hankali, babu girgiza. Na san girgiza ce ke tayar da ciwon. Amma duk abin da zai iya girgiza a cikin injin nan na ɗaure shi tamau. Na gaya wa Yaya haka, ya ce in rufe masa baki.

Daga nan ya shiga neman tsari. Kowace kasuwa sai ya dawo da sabon abu. Laya mai jar fata, laya mai baƙar fata, ƙahon gada da aka toshe bakinsa, kambu mai zoben ƙarfe, wani ƙulli da aka ce daga Gure aka kawo. Duk a jikin makulli yake ɗaura su, ya ce nan ne ƙofar ran mota, nan ya kamata a tsare. Tun ana iya sa makullin a aljihu har ya zama sai a rataya a wuya, ya yi kamar damin albasa. In ina tuƙi yana reto yana dukan gwiwata, har wurin ya yi kanta. Na taɓa kai hannu in gyara shi, Yaya ya doke hannun, ya ce kada in kuskura in taɓa da dauɗar mai.

Tari kuwa sai abin da ya ƙaru. Da sai a tol, yanzu ko rami ta faɗa a cikin gari sai ta ɗauke. Yaya ya ce, "Ka gani? Yana jin muna ɗaure shi, yana ƙara ƙarfi." Sai ya ƙaro wata layar. Ya daina ɗaukar raken Baba. In muka shiga Gidimuni dattijon ya taso da fara'arsa yana "Sannunku, samari," sai Yaya ya tofar da yawu ya juya baya. Na ga lokacin da Baba ya fara lura mata na janye 'ya'yansu in ya doso. Na ga dariyarsa tana raguwa. Yana da 'ya'ya mata uku a gida, kuma kowa ya san yadda ake cewa maita gado ce. In sunan nan ya zauna a kansa, ba shi kaɗai ya mutu ba, har jikokin da ba a haifa ba.

Ranar da abin ya faru zafi ake kamar a gasa mutum. Mun cika da kaya da mutane. Muna gangarawa Gidimuni, a kan tol, motar ta ɗauke gaba ɗaya, ta dawo da wani irin fizga, ta harba sau biyu a jere. Sitiyari ya kuɓuce mini, muka karkata, wata mata ta wuntsulo daga kan buhuna ta faɗi a kan kafaɗarta. Ana ta salati. Na duba Yaya. Bai dunƙule ba wannan karon. Yana zaune ƙiƙam, idonsa ja.

Da na tsaya a bakin kasuwa, ya zaro wuƙarsa daga cikin layun nan ya datse igiyarsu gaba ɗaya daga jikin makulli. Ya naɗe su a damtsensa na dama, ya ja ƙulli da haƙori. Ya ce, "Yau ni zan fuskance shi, ni ke bukatarsu." Ya ɗauki maniwal ya fita.

Na bi shi ina "Yaya! Yaya, don girman Allah!" Ko waiwaye.

Baba na zaune gaban rakensa yana feraye wa wani. Yaya ya kama wuyan rigarsa ya jawo shi a ƙasa, ƙato kamar wannan, har gaban mota. Kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake yi ba. In an ce maye ya kama mutum, akan tuɓe shi tsirara a sa shi ya tsallake marar lafiyan, wai sai ya saki kurwar. To abin da Yaya ya nema ke nan. Ya ce, "Tuɓe. Hau kan hancinta ka tsallake, ka sakar mini mota."

Wasu suka yi dariya, don abin ya yi kama da wasa. Baba bai yi ba. Ya tashi zaune, ya kakkaɓe gemunsa, ya ce, "Ɗana, na haifi kamarka. Ban ci maka komai ba."

"Tsallake!"

"In na tsallake na amsa ke nan. Ina da 'ya'ya mata. Ka kashe ni ya fi mini sauƙi."

Bugun farko a kafaɗa ya same shi. Na ji ƙarar ƙashi, har yau ina jin ta. Na biyu a haƙarƙari. Baba ya kife, ya rufe kai da hannu, Yaya na dukan hannun yana ihu da wani yare na soja da ba mu sani ba. Jama'a kuwa, mutanen da ya yaba wa 'ya'ya, ya ba rake kyauta, suna cewa, "Ƙara masa! Sai ya saki!" Wani ya jefa dutse. Tsohuwar nan mai daddawa har da guɗa, Allah ya isa.

Na faɗa kan Yaya ta baya na riƙe maniwal. Ban taɓa ɗaga masa hannu ba tun da aka haife ni, amma ran nan na shaƙe shi. Muka zube cikin rake muna birgima. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya juyo ya danne ni, ya sa mini gwiwar hannu a baki. Na ji abu ya fashe, na tofar, sai ga haƙora a cikin jini. Kafin in miƙe ya koma kan Baba, ya ɗaga ƙarfen nan ya sauke masa a gefen fuska. Babbar 'yar Baba ta keto taro ta kwanta a kan ubanta, ta ce, "To haɗa da ni." Wannan ce ta tsayar da shi.

Idon Baba na hagu ba ya nan, wani abu ne kawai ja. Yana numfashi da ƙyar. Na ce a kama mini shi a sa a mota, a kai shi gidan likita a Damagaram. Ba wanda ya motsa sai 'yarsa da wani mahauci. Na fizge maniwal daga hannun Yaya, da jinin da komai, na zura na murza. Muka shimfiɗe Baba a baya, kansa a cinyar 'yarsa. Sai ga Yaya ya ɗare bayan motar, da wasu mazan garin su huɗu ko biyar. Ba taimako ya kawo su ba. Sun ce za su ga ko ya saki. Na ji ɗaya na cewa in ya tabbata shi ne, yau gidansa ba zai kwana da jinka ba.

Na hau tol ɗin nan da gudun da ban taɓa yi ba. Ina jira ta yi tari. Wallahi roƙon Allah nake ta yi tari, ni da na yi wata da watanni ina roƙon ta daina. Ba ta yi ba. Ko sau ɗaya. Tana tafiya sumul, tana kukan nan nata na da, kamar ranar da aka sayo ta.

Yaya ya fara dukan rufin mota da tafin hannu. "Auta, kana ji? Kana ji? Ya sake ta! Na karya shi, ya sake ta!" Mazan nan suka ɗauki kabbara. 'Yar Baba ta fashe da kuka. Ni kuwa a karo na farko na ji zuciyata na cewa, to ko gaskiya ne? Jini na cika mini baki ina haɗiyewa, ina tuƙi, ina jin kamar in kifar da mu duka mu huta.

Muna cikin mafi munin wurin, inda komai na motar ke kaɗawa, sai na ji wani abu ya ɓace mini. Kamar in ka saba da kukan injin niƙa a unguwa, ranar da ya tsaya sai shirun ya dame ka. Gwiwata ce. Ba abin da ke dukanta. Na sunkuyar da ido. Makulli na zaune a kontak shi kaɗai, tsirara, da guntun igiya, ko motsi ba ya yi.

Na ce, "La'ilaha illallahu."

Ban tsaya ba, don ran mutum na baya. Muka wuce Mirriya, muka shiga gari, aka ɗauki Baba a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka shige da shi, bai san inda yake ba. Mazan Gidimuni suka ce in juya da su yanzu, suna da aiki a gida. Na san aikin.

Na ce, "Ba inda za ku sai kun ga wani abu." Maganata ma ba ta fita sosai, baki ya kumbura. Inji na juyawa a ƙofar gidan likita. Na ciro sifana babba, na ɗaure ta da guntun igiyar a jikin makulli, na kaɗa ta da yatsa. Motar ta ɗauke, ta dawo, ta harba, tau! Na riƙe sifanar, ta koma lafiya. Na saki na kaɗa, ta yi tari. Na ce, "Cikin kontak ne ya cinye, tsufa ne. In nauyi ya ja makulli yana reto, sai wuta ta yanke ta dawo. Mai rake yana ciki a sume. Wa ke kama ta yanzu? Ni ne mayen?"

Ɗayansu ya ce, "Wannan ai ƙarfe ne ka rataya. Laya ba ta cuta."

Na ce, "Ban ce abin da ke cikinta na cuta ba. Nauyi na ce. Yaya, kawo su."

Ya tsaya yana kallona, jinin Baba ya bushe masa har gwiwar hannu. Na ɗauka zai ƙarasa mini sauran haƙoran. Na ce, "In ni ne maƙaryaci, ga maniwal, ga kaina." Ya ture ni gefe. Shi da kansa ya kwance layun daga damtse, ya cire sifanar, ya ɗaura su inda suke da. Ya kaɗa. Ta yi tari. Ya riƙe, ta daina. Ya kaɗa. Ya riƙe. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, mota na harbi a ƙofar gidan likita har ma'aikata suka fito suna faɗa. Ba wanda ya iya ce masa bari.

Sai ya dunƙule hannun nan na dama ya kai wa ƙarfen gaban mota naushi. Ya sake. Ya sake. Ba ihu, ba kuka, sai ƙarar nama a kan ƙarfe. Sai da muka taru muka danne shi, lokacin yatsun sun riga sun kakkarye. A nan jandarmomi suka same shi zaune a ƙasa, ya miƙa musu hannuwan da kansa.

Gidan Baba bai ƙone ba. Mazan nan sun koma sun faɗi abin da suka gani, wasu suka yarda, wasu suka ce ai makaniki ne, ya san yadda zai sa mota ta yi ƙarya. Kontak kuwa washegari na cire shi na sa wani tsoho da na samu a garaji. Aikin bai kai a sha shayi a tashi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Yaya ya yi zamansa a kaso. Yana ciki aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, ana ta kiɗa a gari. Da ya fito, hannun ya shanye, ko loma ba ya iya kaiwa baki da shi. Bai je gida ba sai da na kai shi Gidimuni. Ya durƙusa a gaban Baba a bakin lambu. Baba ya dube shi da idon da ya rage, ya ce, "Tashi, ɗana. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ya sa aka yanko mana rake.

Na ci gaba da kai masa kaya Damagaram, ina sa shi a gaba in zai shiga gari. 'Ya'yansa sun yi aure, amma duk a nesa, inda labarin bai kai ba. Kafaɗar ta warke a karkace. Na ɗauka abin ya wuce ke nan, sai dai na lura in ya shiga mota ba ya taɓa komai, hannunsa a cinya har mu sauka.

Bayan wasu shekaru babbar 'yarsa, wadda ta kwanta a kansa ran nan, ta zo wankan gida ta haifi namiji. Aka gayyace ni suna. Bayan an watse aka fito da yaron, aka sa wa kakansa a hannu. Yaro tubarkalla, jawur, ga gashi, ga kumatu. Muka tsaya muna jira, don duk wanda ke wurin ya san bakin Baba a kan jariri. Uwar tana leƙowa daga bakin ƙofa tana murmushi.

Ya juyar da lafiyayyen idonsa wajen bango. Ya miƙo mini yaron.

Na ce, "Haba Baba, jikanka ne fa. Ba za ka ce komai ba?"

Ya ce, "Karɓe shi, ɗana, kai wa uwarsa. In ya yi tari gobe fa?"